"The very man": daga ina kalmar "very" ta fito, kuma me take nufi tun asali?

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a ƙaramar sakandare. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa *very* tana nufin "sosai" ko "ƙwarai". Makon jiya muna karatu sai muka ci karo da wannan jimla: *That is the very man who stole my goat.* Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wato mutum sosai ne ya saci akuyar?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuma na ce su bari sai mako mai zuwa. Shin kalma ɗaya ce ko biyu ne masu kama da juna? Kuma mene ne asalinta?

Amsa: Malama, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi tambayar da manya da yawa ba su taɓa yi ba. Kalma ɗaya ce. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, *very* ɗin da ta ba ku matsala ita ce ta asali, wadda kike fassarawa da "sosai" kuwa daga baya ta tsiro. Lokacin da kalmar ta shiga Turanci ba bayanau ba ce, sifa ce, kuma ma'anarta "na gaskiya", "na haƙiƙa", "ainihi". Don haka fassarar jimlarku ita ce: "Ainihin mutumin da ya saci akuyata ke nan." Shi ɗin ne dai, ba wani mai kama da shi ba.

Yadda "na gaskiya" ta rikiɗe ta koma "sosai" labari ne mai ɗan tsawo, amma Bahaushe ya fi kowa saurin gane shi, don mu ma mun yi irin wannan abu da kalmominmu ba tare da mun lura ba.

Kalmar baƙuwa ce a Ingila. A shekarar 1066 William, mai sarautar Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetaro teku da rundunarsa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings ranar 14 ga Oktoba, aka naɗa shi sarkin Ingila ranar Kirsimeti ta wannan shekarar. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da gidajen masu mulki, Latin na coci da manyan rubuce-rubuce, Turanci kuwa aka bar wa manoma da barori. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci a kotuna, ita kanta dokar kuma da Faransanci aka rubuta ta. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kimanin dubu 10 ne suka kwararo cikin Turanci a wannan zamani. Da yawansu na mulki ne da shari'a da abincin manya, irin su *court* da *judge* da *prison* da *beef* da *mutton*. A cikin wannan ayari ne *verai* ta tsohon Faransanci ta shigo, aka fara ganinta a rubutun Turanci a ƙarni na 13, ana rubuta ta *verrai* ko *verray*.

Aron sunan abu ba wani abin mamaki ba ne, duk harshen da ya ga mota zai nemo mata suna. Amma idan kika ga harshe ya ari 'yar ƙaramar kalmar da ake furtawa sau ɗari a yini, to cuɗanyar ta kai ɓargo. Kamar yadda *amma* da *illa* da *kullum* suka zo mana daga Larabci suka zauna daram har ba mai jin su baƙi ne, haka *very* ta yi a Turanci.

Ita *verai* ɗin daga Latin ta gangaro, daga *verus*, wato na gaskiya, ta hanyar 'yar'uwarta *verax*, mai faɗin gaskiya. A Faransa wasalin farko ya faɗi, kalmar ta koma *vrai*. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci kullum suna cewa *c'est vrai*, gaskiya ne, da *vraiment*, da gaske. Wannan *vrai* da *very* ɗinki uwa ɗaya uba ɗaya suke, ɗaya ta zauna gida ta riƙe ma'anarta, ɗaya ta yi ƙaura ta canza sana'a. Zuriyar ma ta wuce Latin tsufa: Jamusawa suna cewa *wahr*, mutanen Holan *waar*, mutanen Wales *gwir*, duk da ma'anar gaskiya, a harshen Rasha kuma *vera* imani ce, daga nan sunan mata Vera ya samo asali. A cikin Turancin kansa danginta suna nan birjik, kuma su ba su bar gidan gaskiya ba: *verify*, a tabbatar da gaskiyar abu, *veracity*, gaskiyar magana, *verdict*, hukuncin kotu, wanda asalinsa kalma biyu ce, "gaskiya" da "faɗa", wato maganar gaskiya da masu taya alƙali shari'a suka rantse za su faɗa. Amma ki ja kunnen ɗalibai kan *every* da *vary*. Kama ce kawai ta sauti. *Every* tsohon Turanci ce tsantsa, haɗin *ever* da *each*, *vary* kuwa daga wata kalmar Latin ce daban mai nufin iri-iri.

To yaya aka yi ta sauya? Akwai wani baiti da duk mai nazarin tarihin Turanci yake kawowa, na Geoffrey Chaucer, mawaƙin Landan da ya rasu a 1400. A gabatarwar *The Canterbury Tales* yana siffanta wani barde, sai ya ce: *He was a verray, parfit gentil knyght.* Baturen yau idan ya karanta sai ya ɗauka cewa aka yi barden "cikakke ne sosai". Ba haka Chaucer yake nufi ba. Sifofi uku ya jero wa mutumin: barde ne na gaske, cikakke, ɗan asali. *Verray* ɗin barden take siffantawa, ba ruwanta da *parfit*. Shi ya sa masu buga littafin a yau da yawa suke sa waƙafi bayanta, don su tare mai karatu kada ya zarce.

Wannan kuskuren na mai karatun yau shi ne ainihin abin da ya faru a bakin mutanen da. Kalmar ta yawaita zama a gaban wata sifa, kunne kuwa ba ya jin waƙafi. Mai magana ya ce "na gaske, mai kirki, mutum", mai sauraro ya ji "mai kirki na gaske". Idan an faɗa sau dubu an ji sau dubu, yaran da suka tashi a cikin wannan ji sai su ɗauka aikin kalmar ke nan tun fil'azal: ta tsaya gaban sifa ta ƙara mata ƙarfi. A ƙarni na 15 an fara ganinta tana wannan sabon aiki ƙarara, zuwa ƙarni na 16 ta zama ita ce kan gaba.

Yanzu ki dawo gida ki saurari kanmu. Muna cewa "jarumi ne na gaske", ma'ana ba na bogi ba. Nan gaskiya tana nan da ranta. Sai mu ce "yarinya mai kyan gaske", "garin da nisan gaske", "mutane da yawan gaske". Wa ya ƙaryata ki da har kike kawo gaskiya shaida? Babu. Mai cewa Agadas da nisan gaske ba gardamar gaskiya da ƙarya yake yi ba, yawan nisan yake aunawa. *Gaske* ta bi hanyar da *verray* ta bi, taki bayan taki. Har mukan ga *ƙwarai* ita kaɗai ba ta ishe mu ba, sai mun goya mata, mu ce "ƙwarai da gaske".

Akwai ma wanda ya fi wannan dacewa. *Ainihi* da *ainun* duk daga kalmar Larabci ɗaya suka zo mana, *ain*, wadda take nufin ido, take kuma nufin zatin abu, shi kansa. Muka raba musu aiki: *ainihi* ta riƙe "shi ɗin dai", *ainun* ta koma "matuƙa". "Ainihin mutumin" da "ya ji daɗi ainun". Abin da muka raba wa kalma biyu shi Turanci ya ɗora wa kalma ɗaya, shi ya sa *the very man* da *very happy* suke rikita yara. Larabci ma bai tsira ba. *Jiddan* da ɗaliban Islamiyya suke fassarawa da "sosai" daga *jidd* take, wato yi da gaske, kishiyar wasa. Harsuna uku daban-daban, kowa ya je rumbu ɗaya ya ɗebo.

Dalilin kuwa halin ɗan Adam ne. Kowa ya san mai magana yakan ƙara gishiri, saboda haka mai sauraro yakan rage wani abu daga duk abin da ya ji, kamar mai taya kaya a kasuwa. Mai magana ya san za a rage, sai ya riga ya ce "da gaske nake". Ranar farko kalmar tana aiki. Da kowa ya ɗauka yana yi, sai ta daina zama shaida ta koma ma'auni, daga baya ma'aunin ma ya yi sauƙi, a shiga neman wata. Dubi yadda "wallahi" take fita daga bakin mutane ba da niyyar rantsuwa ba, har malaman fiƙihu suka ware wa irin wannan rantsuwa hukuncinta daban.

Saboda haka kujerar da *very* take kai ba ita ta fara zama a kanta ba. A tsohon Turanci, kafin zuwan mutanen Normandi, kalmar da ke wannan aiki ita ce *swithe*, daga sifa mai nufin ƙarfi. Ta mutu murus, Baturen yau bai san ta ba. Bayanta *full* ta hau. Shi Chaucer da ya kira bardensa *verray*, idan yana son ya ce "sosai" *ful* ya fi amfani da ita. Ya ce da wata shugabar mata masu zaman ibada *ful weel she soong*, ta iya rera waƙar ibada ƙwarai. Sai *right* ta karɓa, sannan *very* ta ture su duka. Amma sarakunan da aka tuɓe ba su bar gari gaba ɗaya ba, sun maƙale a lunguna. *You know full well*, ka sani sarai, ragowar mulkin *full* ce. *Right* kuwa kullum kina ganinta a jarida ba ki sani ba: *Rt. Hon.* da ake sa wa kakakin majalisa a Abuja da jihohi *Right Honourable* ce, "mai girma ƙwarai", ba ruwanta da hannun dama ko daidai. A cocin Angilika bishop *Right Reverend* ne, shugaban babbar majami'a *Very Reverend*, akbishop kuma *Most Reverend*. Tsohuwar kalma da wadda ta gaje ta suna tsaye a layi ɗaya, kuma tsohuwar ce a sama.

Ba rumbun gaskiya kaɗai ake ɗiba ba. Akwai na tsoro da azaba. Bature yana cewa *terribly kind* da *awfully nice*, alhali asalin kalmomin firgici ne. *Sehr* ta Jamusanci, wadda ita ce "sosai" ɗinsu, 'yar'uwar *sore* ce ta Turanci, wato ciwo. Kafin mu yi musu dariya mu tuna samarinmu da ke cewa mota ta yi "mugun kyau", abinci ya yi "bala'in daɗi", yarinya tana da "masifar ƙoƙari".

Wurin da na fi son nuna wa ɗalibai ma'anonin biyu suna zaune tare shi ne wasan *Hamlet* na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1600. A fitowa ta biyu ta kashi na uku, yarima Hamlet yana yi wa Polonius shaƙiyanci, wani tsohon bafade irin masu "haka ne, ranka ya daɗe". Ya nuna masa girgije ya ce ya yi kama da raƙumi, tsoho ya ce haka ne. Ya sauya ya ambaci wata 'yar dabba, tsoho ya yarda. Ya ce ko kuwa ƙaton kifin nan na teku? Tsoho ya ce: *Very like a whale.* Ya yi kama da shi sosai. Wannan sabuwar ma'ana ce. Layuka kaɗan bayan haka, kowa ya fita an bar Hamlet shi kaɗai, sai ya ce: *'Tis now the very witching time of night.* Yanzu ne ainihin lokacin dare da mayu ke fita. Wannan tsohuwar ce. Marubuci ɗaya, shafi ɗaya. A zamaninsa kalmar tana nan da ƙarfinta na sifa har ana yi mata ƙarin fifiko kamar yadda ake yi wa *tall*: akwai *verier* da *veriest* a wasanninsa. A wasan *Romeo and Juliet* ma Romeo ya kira abokinsa Mercutio *my very friend*, abokina na haƙiƙa, abin da ɗalibinki zai sha jan biro idan ya rubuta a jarrabawar WAEC.

Harshen addini, da yake ba ya son sauyi, ya adana tsohuwar ma'anar fiye da ko'ina. A littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549, inda Latin ya ce *verum* da *vero* a cikin shahadar bangaskiyar Kirista, *very* aka sa, masu sabunta fassarar a zamaninmu kuma suka mayar da ita *true* don mutane sun daina fahimta. *Verily* kuwa, wadda ba kome ba ce illa *very* da aka liƙa wa *-ly*, ta cika fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, ta zamanin Sarki James. Daga can masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci suka ɗauko ta don ta tsaya a madadin *inna* ta Larabci. Abdullah Yusuf Ali, wanda fassararsa ta fara fitowa a 1934, ya sa *verily* a ayoyin nan biyu na Suratus Sharh masu cewa lalle tare da tsanani akwai sauƙi. Inda malaminmu na tafsiri zai ce "lalle ne" ko "haƙiƙa", nan *verily* take zama. Ɗaliban da suka taɓa jin ta a wa'azin Turanci sun riga sun san tsohuwar *very*, ba a dai gabatar musu da ita ba ne.

Ga abin da zai yi miki amfani a gaban allo. A dubi abin da ya biyo bayan kalmar. Idan sifa ce ko bayanau, kamar *very hot* ko *very slowly*, to "sosai" ce. Idan suna ne, kuma akwai *the* ko *this* ko *that* ko *my* a gabanta, to tsohuwar ce, sai a nemo mata Hausar da ta dace, don ba kullum "ainihin" ke shiga ba. *This very day*, yau ɗin nan. *At that very moment*, a daidai wannan lokacin. *From the very beginning*, tun farkon fari. *At the very top*, can ƙololuwa. *Before my very eyes*, a kan idona, ƙiri-ƙiri. Akwai kuma wata mai ɗan wuya: *The very thought of it frightens me*. Nan ma'anar ta karkata zuwa "kawai" ko "ma kaɗai": tunanin abin ma kaɗai tsoro yake ba ni. *The very best* da *the very first* da *the very same* da *my very own* suna tsakiya, ƙafa ɗaya a tsohon gida ɗaya a sabo. Ba ana nufin na farkon ya ƙara zama na farko ba, ana nufin shi ne na farkon na haƙiƙa, babu wani kafinsa.

Tarihin nan kuma shi ke bayyana wani kuskure da na tabbata kina gyarawa kowane zango. Yaro ya rubuta *I very like football*. Ba laifinsa ba ne, "sosai" tamu ba ta da ƙyama, tana bin sifa tana bin aikatau: yana da kyau sosai, ina son sa sosai, ya gudu sosai. *Very* kuwa a gaban sifa ta koyi sabon aikinta, kuma ba ta taɓa ƙetarawa zuwa aikatau ba. Sai an kawo mata ɗan rakiya: *I like football very much*. Haka nan ba ta shiga gaban sifar da ake kwatanta abu biyu da ita. Ba a cewa *very better*, sai *much better* ko *far better*. A ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20 masu tsaurin ra'ayin nahawu a Ingila sun yi ta faɗa da *very pleased*, suna cewa *pleased* daga aikatau ta fito, don haka dole a ce *very much pleased*. Sun sha kaye. Yau kowa yana cewa *very pleased* da *very tired* da *very interested*, amma har gobe ba a cewa *very killed* ko *very built*, don waɗannan ba su zama sifa ba.

Sai *too*. A Turancinmu na Najeriya mutum yakan ce wa amarya *you are too beautiful* yana nufin yabo. A kunnen Bature *too* tana ɗauke da ƙorafi, abin ya wuce kima, ya yi yawa. *The tea is very hot*, shayin da zafi sosai, ana iya sha a hankali. *The tea is too hot*, ya cika zafi, ba ya shawuwa. A hira tsakaninmu ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba, kowa ya gane abin da ake nufi, amma mai duba takardar jarrabawa ba zai yafe ba. Ki kuma nuna musu *not very*, wadda Turawan Ingila suke sakaya zargi da ita. Wanda ya ce aikinka *not very good* ba cewa yake yi ya ɗan gaza kaiwa ƙololuwa ba. Cewa yake yi bai yi ba, cikin ladabi.

Ita ma *very* yanzu ana girgiza mata kujera. Wasu masana harshe biyu, Rika Ito da Sali Tagliamonte, sun nazarci hirar mutanen birnin York da ke arewacin Ingila, suka buga sakamakon a 2003. Sun samu *very* ce ta fi yawa idan an haɗa kowa da kowa, *really* na bin ta, sannan *so*. Amma da suka raba mutanen bisa shekaru, sai ga shi dattawa ne ke riƙe da *very*, matasa kuwa *really* ta fi yawa a bakinsu. Mece ce *really*? Daga *real*, na haƙiƙa. An koma rumbun nan dai. Bayanta ga *literally* ta taso, wadda asalinta *littera* ce ta Latin, wato harafi, ma'anarta "kamar yadda na faɗa, harafi da harafi, ba misali ba". Yau yarinya a Landan za ta ce *I literally died laughing*, ga ta kuwa a tsaye da ranta. A 2013 an yi ta kumfar baki a jaridun Ingila da Amurka da aka lura ƙamusoshi sun shigar da wannan ma'ana, har wasu na cewa an kashe Turanci. Alhali marubucin Ingila Charles Dickens ya yi irin wannan amfani da ita tun 1839, kafinsa ma an yi. Nakan yi murmushi idan na ji mai wannan ƙorafi ya ce abin ya sa shi *very angry*, don da bakinsa yake aikata laifin da yake tuhumar jikarsa da shi, nasa dai ya shekara 500 ne an manta.

Ra'ayina game da rubutu kuwa, masu cewa a kori *very* gaba ɗaya sun wuce gona da iri, amma suna da 'yar hujja. Kalmar ta sha hannu har ta yi sulɓi. Ɗalibin da ya rubuta *very very big* bai ƙara wa abin girma ba, ya dai nuna bai san *huge* ba. Nan ma Hausa za ta taimake ki. Tambayi aji yadda ake cewa abu baƙi ne sosai, za su ce baƙi ƙirin. Fari fat, ja wur, kore shar, sanyi ƙalau, sabo dal. Ba mai cewa "fari ƙirin". Kowace sifa da abokiyar tafiyarta. Turanci yana da irin wannan, ko da yake bai kai mu arziki ba: *pitch black*, *snow white*, *ice cold*, *brand new*, *wide awake*, *fast asleep*. Yaron da ya gane cewa *pitch black* ita ce "baƙi ƙirin" ɗin Bature ba zai sake manta ta ba. Wuri ɗaya da na san *very* tana da awo tsayayye shi ne wajen injiniyoyin sadarwa: VHF, *very high frequency*, zango ne daga megahaz 30 zuwa 300, a cikinsa tashoshin FM suke. Can ba ƙarin gishiri, abin da ya haura 300 sunansa daban.

Kada ki manta da furuci, tunda Hausa ba ta da sautin *v*. Yaranmu sukan ce "beri" ko "feri", su kuwa *berry* da *ferry* kalmomi ne masu zaman kansu, ɗaya 'ya'yan itace, ɗaya jirgin fito. Haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, maƙogwaro yana rawa. Minti biyu a farkon darasi ya isa.

Ranar da za ki koma wa ajin, rubuta jimla uku a allo. Ta farko: *He is the very man.* Ta biyu: *He is a very old man.* Bari su fassara, za su kawo "ainihin mutumin" da "tsoho ne sosai" ba wuya. Sannan ki rubuta ta uku: *He is the very old man who stole my goat.* Ki karanta ta sau biyu, sau ɗaya ki haɗe *very old* a numfashi ɗaya, sau ɗaya ki ɗan tsaya bayan *very* ki danna ta. Karatun farko tsoho tukuf ne ya saci akuya, na biyu kuwa ainihin tsohon da ya sace ta ne aka kama. Ki miƙa wa yarinyar nan alli, ki ce ta zo ta nuna inda za a sa waƙafi.